Uwargida, Ki San Ƙwan Lantarkin Da Za A Ɗaura Miki

A nan Dandume an karya masara, an yanki shinkafa, motoci sai ɗaukar buhuna suke yi daga kasuwa zuwa Funtuwa da sauran garuruwa na nesa. Kowa ya sani in kaka ta yi, kuɗi sun shiga hannu, to, lokacin bukukuwan aure ya zo, da gyaran gida, da sayen abin da aka yi shekara ana kwaɗayinsa. Shi ya sa na ga ya kamata yau mu yi magana a kan wani ɗan ƙaramin abu wanda ba mu ɗauke shi a bakin kome ba, watau ƙwan lantarki, tun ba irin ƙananan nan da ake binnewa cikin silin ba, waɗanda masu gyaran wuta ke kira sifot.

Abin da ya jawo wannan magana kuwa shi ne wata yarinya da nake koyarwa a aji shida. Yarinya ce mai ƙoƙari, amma sai na lura ta yi kamar mako uku ba ta kawo aikin gida cikakke, in kuwa ta kawo, rubutun ya hau layi ya sauka. Ran nan bayan an tashi na tsayar da ita, na ce, "Ke kuwa lafiya?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, da rana ina taya Inna aiki, da dare kuma ba haske, sai in Yaya ya ara mini wayarsa." Na ce, "Ba gidanku aka yi biki kwanan baya ba, har aka jawo sabuwar wuta?" Ta ce, "I, Malama, amma ɗakin amarya aka kai."

Da maraice na shiga gidan na gai da mahaifiyarta, na kuma leƙa ɗakin amarya kamar yadda aka saba. Masha Allahu, ɗaki ya yi kyau. Na ɗaga kai na ƙidaya ƙananan ƙwayaye goma sha biyu cikin silin, duk sun haske kabet da jeren kwanuka da labule, sai walƙiya suke yi. Da na fito tsakar gida sai na iske uwargida a madafi tana tuƙa tuwo, ta soke tocila a jikin ɗankwali. Ƙwai ɗaya tak ke tsakar gidan, irin na da mai ba da jan haske, mai wat 100, shi ma maigida ya hana a bar shi a kunne, wai yana shanye katin mita. Gaskiyarsa kuwa, yana sha. Na ce wa uwargida, "Yaya, ashe a duhu kike girki?" Ta yi dariya ta ce, "Malama, ai mun saba."

Wannan sabo shi ne nake so mu bari. Ra'ayina shi ne, tun da mace ce ke yini cikin gida, ita ke dafa abinci da asuba da dare, ita ke tsintar shinkafa, ita ke ɗinkin hula da saƙa da kitso, ita ke zama da yara lokacin da suke bitar karatu, to, ita ya kamata ta faɗi inda za a sa haske da irin ƙwan da za a sayo. Kuma a fara haskaka wurin aiki da wurin karatu tukuna, in ya yi saura a kai wurin ado. Amma fa mace ba za ta iya faɗi ba sai ta san abin da take faɗi, don haka bari mu bi abin daki-daki.

Iri huɗu ne a kasuwa

Na farko shi ne tsohon ƙwai mai zare a ciki, wanda muka tashi muka gani. Tun 1879 wani Ba'amurke, Thomas Edison, ya gwada irinsa ya yi nasara, har yau kuwa yadda yake aiki bai sake ba. Wuta ce ke bi ta cikin siririn zare har ya yi ja wur ya ba da haske. Abin da ya sa yake ɓarna ke nan, domin cikin kashi goma na wutar da ya sha, wajen kashi tara zafi ne, ɗan abin da ya rage ne haske. Watau kina biyan kuɗin fitila ana sayar miki da murhu. Masu kiwon 'yan tsaki sun san haka, shi suke ɗaurawa don ɗumi. Ƙarkonsa kuma bai wuce kamar awa 1,000 ba.

Na biyu shi ne halojin. Shi ma mai zare ne, sai dai an yi shi ƙarami, kuma ya fi zafi. Sifot na farko-farko da aka riƙa sawa a silin da shagunan zinariya irinsa ne, yawanci mai wat 50 ko 35. Har yanzu akwai ragowarsa a wasu shaguna da tsofaffin gidaje. In ya jima a kunne ba ya taɓuwa, yana iya ƙona yatsa, yana kuma iya gasa silin ko labulen da ke kusa da shi.

Na uku shi ne murɗaɗɗen farin ƙwan nan da muke kira enaji. A zamaninsa ya yi amfani ƙwarai. A 2007, sa'ad da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya wuta ta yi ƙaranci, gwamnatin Gana ta raba wa jama'arta irinsa har miliyan 6 kyauta, ta karɓe tsofaffin, aka kuwa ga sauƙin nauyi a kan layin wutar ƙasar. Aibinsa shi ne akwai 'yar zaiba a cikinsa, zaiba kuwa guba ce. In ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe ƙofa da taga iska ta shiga na ɗan lokaci, sa'an nan a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle a leda. Kada a bar wa yara mataccensa su yi wasa da shi, kada kuma a jefa shi kusa da rijiya.

Na huɗu shi ne wanda za ki ga an rubuta LED a jikin kwalinsa. Ba zare a cikinsa, ba zaiba, 'yan ƙwayoyi ne ƙanana da ke ba da haske in wuta ta ratsa su. An daɗe da samun mai ja da mai kore, amma fari ya gagara sai da aka gano yadda za a yi mai shuɗi. Mutum uku 'yan asalin Japan suka gano shi, Akasaki da Amano da Nakamura, har aka ba su lambar Nobel a 2014 saboda wannan aiki. Shi ne mafi ƙarancin shan wuta, kuma mai kyau daga cikinsa yakan yi awa 15,000 ko fiye. Ƙasashen Tarayyar Turai sun soma janye tsohon ƙwai mai zare daga kasuwanninsu a 2009, suka gama a 2012, daga baya suka bi halojin.

Lissafin da 'yar aji shida za ta iya

'Yan makaranta, ku ɗauko fensir. Wat shi ne ma'aunin abin da ƙwai ke sha. In kika tara wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, shi ne yunit ɗaya da mita ke cirewa. A ce gida yana da ƙwai shida irin na da, kowanne wat 60, ana kunna su awa biyar kowane dare. Shida sau 60 ya ba mu 360, sau biyar ya zama 1,800, watau yunit biyu ba kaɗan a dare ɗaya, yunit 54 a wata. In aka sake su da LED mai wat 9, wanda haskensa daidai yake da na mai wat 60, sai lissafin ya koma yunit 8 da ɗan ɗoriya a wata. Haske bai ragu ba, kuɗi kuwa sun ragu da fiye da kashi biyar cikin shida.

Haka yake ga sifot. Halojin goma sha biyu masu wat 50 sun tashi wat 600, a wata su cinye yunit 90. LED goma sha biyu masu wat 5 kuwa wat 60 ne gaba ɗaya, yunit 9 a wata. A watan Afrilu na 2024 hukumar da ke tsara farashin lantarki ta ƙasa ta kai yunit ɗaya naira 225 ga waɗanda ke rukunin farko, watau masu samun wuta awa 20 a yini. A kan wancan farashi, yunit 90 naira 20,250 ne, yunit 9 kuwa naira 2,025. Farashi ya bambanta daga rukuni zuwa rukuni, yana kuma sakewa, saboda haka kowace ta duba takardar katinta ta ga nawa ake sayar mata da yunit, ta yi nata lissafin.

Yanzu mu koma gidan ɗalibata. Ƙwayayen ɗakin amarya LED ne masu wat 5, goma sha biyu, wat 60 ke nan a ɗaki ɗaya. Da an raba wannan wat 60 bisa hankali, ga abin da zai yi. Ɗakin uwargida wat 9, madafi wat 9, tsakar gida wat 10, wurin karatun yara wat 5, makewayi wat 5, zaure wat 5, sa'an nan a bar wa amarya sifot uku su haska mata kabet, wat 15. In kin tara za ki sami 58. Watau da abin da ɗaki ɗaya ke sha, da gida duka ya yi haske, har da canji, a kuma sauke tsohon nan mai wat 100 da maigida ke tsoro. Ashe ba talauci ne ya bar uwargida da tocila a ɗankwali ba, rashin shawara ne.

Abin da za ki duba a jikin kwali

Mun saba tambayar mai shago, "Wat nawa ne?" Wannan tambaya ta zamanin da ce. Wat yana gaya miki abin da ƙwai zai ci ne, ba hasken da zai bayar ba. Ma'aunin haske shi ne lumen, za ki ga lamba an bi ta da haruffa biyu, lm. Ki riƙe waɗannan uku: lumen 450 daidai yake da tsohon mai wat 40, lumen 800 daidai da mai wat 60, lumen 1,500 kuwa daidai da mai wat 100. Ɗan sifot na silin yawanci lumen 350 zuwa 400 yake bayarwa. In ƙwai biyu suna da lumen ɗaya, ɗauki wanda wat ɗinsa ya fi ƙanƙanta. In kuwa kwali ya cika baki da wat amma bai faɗi lumen ba sam, ajiye wa mai shago abinsa.

Abu na biyu launin haske. Za ki ga lamba mai harafin K a ƙarshe. Mai 2700K ko 3000K haskensa ja-ja ne mai taushi kamar na fitilar ƙwai, ya dace da ɗakin kwana da wurin hira. Mai 4000K fari ne tsaka-tsaki, shi na fi so ga madafi da karatu da ɗinki. Mai 6500K fari ne fat har yana ɗaukar shuɗi, shi ya cika kasuwanninmu, mutane na zaton ya fi haske alhali launi ne kawai. Yana da kyau a waje, amma a ɗakin barci yana hana ido sakewa. Masu launin shuɗi da kore da ja da ake yayi a ɗakunan amare kuwa, ado ne zalla, kada yarinya ta yi karatu a ƙarƙashinsu.

Abu na uku, akwai wata lamba da ake rubutawa bayan Ra ko CRI, tana nuna yadda ƙwan ke fito da ainihin launin abu. Ki nemi 80 ko sama. Duk wadda ta taɓa zaɓen zare da dare, gari ya waye ta ga ba launin da take nufi ba ne, ko ta kasa rarrabe tsakuwa da shinkafa a faifai, ta san amfanin wannan.

Abu na huɗu ya shafi sifot musamman. Bambancin sifot da ƙwai na kullum shi ne, na kullum yana watsa haske ko'ina, sifot kuwa yana tattara shi wuri guda kamar tocila. Faɗin hasken ana auna shi da digiri. Mai digiri 36 ko 40 tsukakke ne, zai haska teburi ɗaya ko kan keken ɗinki ko murhu. Mai digiri 60 zuwa sama ya fi buɗewa. Abin da ya sa ake jera goma sha biyu a ɗaki ke nan, domin an ɗauki tsukakke ana so ya yi aikin ƙwan ɗaki, sai ya bar tabo-tabo na haske da duhu a tsakani, tilas a yi ta ƙari. Ƙwai ɗaya mai lumen 800 a tsakiyar ɗaki ya isa zama da hira. Sifot kuma a kai shi inda ido ke aiki, a sa shi sama da hannu ko ɗan gefe, kada ya zo ta bayan mai aiki inuwarta ta rufe abin da take yi. Mai rubutu da dama hasken ya zo mata ta hagu, bahaguwa kuma ta dama.

Abu na biyar gindin ƙwan. Na kullum iri biyu ne, mai fil biyu da ake dannawa a murɗa, an rubuta masa B22, da mai zare da ake juyawa kamar murfin kwalba, E27. Sifot ma iri biyu ne da aka fi gani. GU10 yana da gajerun ƙafafu biyu masu kai, yana aiki da wutar gida kai tsaye. MR16 kuwa siraran allurai biyu gare shi, yawancinsa bolt 12 yake so, sai da 'yar na'urar rage wuta. Haka nan ƙwayayen sola masu aiki da batir kai tsaye bolt 12 ne, an rubuta musu DC, in aka sa su a wutar gida nan take za su ƙone. Hanya mafi sauƙi ita ce a kashe makunni, a bari mataccen ya huce, a cire shi a ba ɗan aike ya tafi da shi kasuwa.

Na jabu da na gaskiya

Na san wata za ta ce, "Malama, ai mun sayi LED ɗin, wata biyu ya mutu." Gaskiya ne, ni ma ya faru gare ni. A ɗakin amaryar nan ma da na koma bayan 'yan watanni, bakwai cikin goma sha biyun sun mutu, biyu kuma suna ƙyafta ido. Kasuwa ta cika da jabu, araha kuwa ba ta ado. Ga dabarun da na koya.

Ki ɗauki ƙwan ki ji nauyinsa. Babban maƙiyin LED zafi ne, mai kyau ana sa masa alminiyam a gindi don ya janye zafin, saboda haka yakan ɗan yi nauyi. Wanda kika ji shi sakayau kamar ɓawon gyaɗa, da wuya ya ga bazara biyu, balle an binne shi cikin silin ƙarƙashin kwano a zafin Maris da Afrilu. Sa'an nan a sa mai shago ya kunna shi, a buɗe kyamarar waya a haska shi. In aka ga layuka suna gudu a fuskar wayar, ƙwan yana ƙyaftawa ne da saurin da ido ba ya kamawa, irinsa yakan sa wa wasu ciwon kai da gajiyar ido. A duba kuma iyakar ƙarfin wutar da yake jurewa. Wutar gida a ƙasar nan bolt 230 ce a ƙa'ida, amma mun san takan zo da rauni, takan kuma zo da ƙarfi. Ƙwan da aka rubuta masa tazara mai faɗi, kamar 85 zuwa 265, ya fi jure wannan hawa da sauka. Kwali kuma ya kasance da sunan kamfani da lumen da K a rubuce sarai. Daga ƙarshe a roƙi mai shago ya rubuta kwanan wata a gindin ƙwan, a yi da shi cewa in ya mutu cikin 'yan watanni zai sake. Mai kayan kirki ba ya gudun wannan.

Wanda za a ɗaura a tsakar gida ko ƙofar gida ko wajen turken dabbobi, a nemi mai lamba IP65, shi ne ruwan damina da ƙurar hunturu ba sa shigarsa. A wannan zamani da muke fama da rashin kwanciyar hankali a yankin nan, ba wanda zai raina hasken ƙofar gida. A karkata shi ƙasa ya haska hanya, kada ya shiga idon masu wucewa ko gidan maƙwabta. Na cikin gida kuma a riƙa goge su da busasshen tsumma bayan an kashe, domin ƙurar hunturu kaɗai tana rage haske.

Masu cewa ba haka ba

Da na yi wannan magana a ɗakin malamai, wata abokiyar aikina ta ce, "Ke kuwa, wutar da ba ma gani, ina ruwanmu da ƙwai?" Amsata ita ce, rashin wutar shi ne ma babban dalili. Mun ga NEPA da aka kafa a 1972, mun ga an sake mata suna a 2005, mun ga an sayar da rabon wuta ga kamfanoni a 2013, har yau kuwa bakinmu bai bar cewa an kawo Nepa ba. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma, tayar da inji ya zama sai an yi shawara. Saboda haka gidaje da yawa sun koma ga sola da batir, a nan kuwa kowane wat ɗaya yana da daraja. Batir mai bolt 12 da lamba 100 a jikinsa yana riƙe wat 1,200 na awa ɗaya, irin mai ruwan nan kuma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, saura 600. Tsohon ƙwai ɗaya mai wat 60 zai cinye wannan cikin awa 10, LED mai wat 9 kuwa zai kai awa 66. Ƙaramin injin nan da ake gauraya wa mai da baƙin mai, ƙarfinsa wajen wat 650 ne, halojin goma sha biyu sun kusa cika shi, ba fanka ba cajin waya. Akwai kuma LED mai batir a cikinsa, yana caji in akwai wuta, in an ɗauke ya ci gaba da ci na 'yan awoyi. Ko ɗaya aka samu, a ba wurin karatu. Ya fi aci-balbal da fitilar kananzir nesa ba kusa ba, domin tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a guji kananzir cikin gida saboda hayaƙinsa da gobara da yara masu shansa bisa kuskure.

Wata kuma ta ce tsada. I, mai kyau ya fi tsada ranar saye. Amma in ana kunna tsohon ƙwai awa biyar a dare, awa 1,000 ɗinsa dare 200 ne, bai kai wata bakwai ba. Awa 15,000 kuwa dare 3,000 ne, fiye da shekara takwas. Ko da zafin ƙasarmu da hawa da saukar wuta sun raba wannan biyu, har yanzu riba tana nan. Ba kuma sai an sake duka rana ɗaya ba. A fara da wanda ya fi daɗewa a kunne, wata mai zuwa a ƙara ɗaya. Da yayyafi kogi kan cika. Masu adashi ma, in kwasa ta zo, kuɗin turmin atamfa ɗaya ya haskaka gida.

Ta uku ta ce, "Wannan ai sha'anin maza ne, mu da ba ma zuwa kasuwa." To, wa ya ce sai kin je? In za ki aiki yaro sayen zare, ba kina gaya masa launi da lamba ba? Haka za ki yi. Ki sa 'yarki ta rubuta a takarda: LED, lumen 800, 4000K, B22. Ki sami maigida lokacin da ya ci ya huta, ki ce, "Malam, ga wani lissafi da yarinyar nan ta yi, ko za ka duba?" Ban taɓa ganin magidancin da aka nuna wa hanyar rage kuɗin kati ya yi fushi ba. In mai gyaran wuta ya zo aiki kuma, kada ki shige ɗaki ki bar shi da son ransa. Shi ba ya tuƙa tuwo a madafinki, bai san inda inuwa ke faɗawa ba. Ki aika masa ta bakin maigida ko yaro cewa nan da nan kike so.

Ban ce ado laifi ne ba. Amarya ta yi jerenta, ta haska shi, ranarta ce. Abin da nake roƙon iyaye mata da gwaggwanni masu shirya kayan ɗaki shi ne, sifot uku ko huɗu masu kyau sun fi goma sha biyu na jabu, rarar kuma a tuna da madafin da amaryar za ta shiga bayan kwana bakwai. Ku kuma 'yan makaranta, wannan aikin naku ne. Ku kuka iya karanta kwali, ku kuka iya sau da rabawa. Yau da dare kowace ta zaga gidansu ta ƙidaya ƙwayaye, ta rubuta wat ɗin kowanne, ta yi lissafin wata, ta kai wa Inna da Baba.

Ɗalibar nan tawa haka ta yi. Mahaifinta ya duba takardar ya kira mai gyara, aka sauke mai wat 100, aka sa ɗaya a madafi, ɗaya mai batir a rumfar da take karatu. Makon jiya na haɗu da mahaifiyarta a gidan suna, ta kama hannuna ta ce, "Malama, ashe miyata ma ban san launinta ba sai yanzu." Aikin gidan yarinyar kuwa yana zuwa cikakke, rubutu a kan layi.

Allah ya haskaka mana gidajenmu, ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, amin. Sai wani makon in Allah ya kai mu.